Dogon Yaro a Ƙasar Gobir: Tarihin Baƙon Itace da Man da Ake Tatsa Daga Ƙwallonsa

A garuruwan gabashin Sakkwato, daga Isa da Tozai har zuwa Sabon Birni da bakin iyakar Nijar, babu itacen da ya kai dogon yaro yawa a cikin gari. Yana ƙofar gida, yana bakin kasuwa, yana harabar makaranta da masallaci. A inuwarsa ake zaman majalisa, da reshensa ake asuwaki, ganyensa ake dafawa a yi sirace idan zazzaɓi ya kwantar da mutum. A 'yan shekarun nan kuma man da ake tatsa daga ƙwallonsa ya shiga kasuwar kayan kwalliya, ana tallarsa a Facebook da WhatsApp a matsayin maganin da aka gada tun kaka da kakanni, mai gyara fata, mai tsawaita gashi.

Tarihi bai goyi bayan wannan kirari ba. Bawa Jan Gwarzo bai taɓa zama a inuwar dogon yaro a Alƙalawa ba. Lokacin da birnin ya faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, da lokacin da Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni a rabi na biyu na ƙarni na 19, da ranar da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, duk babu ko ɗaya daga wannan itace a ƙasar Gobir. A 1928 ya shigo Najeriya. Sanin haka yana da amfani ga duk mai shafa man ko mai sayar da shi, domin shekarun da magani ya yi a hannun al'umma su ne suke koya mata yawan da ya kamata a yi amfani da shi, da wanda bai kamata a ba shi ba. Itacen ya iso Gobir kafin iliminsa ya iso, kuma har yau ilimin bai gama cim masa ba.

Abin da ake shafawa kafin zuwansa

Ƙasar Gobir ƙasar hunturu ce. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga hamada ɗauke da ƙura, ta busar da fata, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, gashi ya yi ta karyewa. Mutanen da suka zauna a nan ƙarnuka sun daɗe da tanadin abin da za su tare ta da shi. Akwai man shanu da Fulani suke kawowa. Akwai man kaɗe da ake ɗaukowa daga kudu, inda kaɗanya ta fi yawa, da alayyadi da fatake suke hawowa da shi daga kurmi. Akwai man gyaɗa da matan gida suke matsewa da hannu, su toya tunkuzar ta zama ƙuli-ƙuli. Aduwa ma, wadda ta fi kowane itace jure fari, ƙwallonta yana da mai. Wanka kuma da sabulun salo ake yi.

Ta fuskar magani, Bahaushe ya daɗe da yarda cewa ɗaci yana korar cuta, kuma itacen da ya riƙe wannan matsayi shi ne maɗaci, wanda ake jiƙa sassaƙensa don zazzaɓi da ciwon ciki da ƙuraje. Masana tsirrai sun sanya maɗaci da dogon yaro a dangi ɗaya, kuma sinadaran da suke ba su ɗaci 'yan gida ɗaya ne. Saboda haka da baƙon ya iso, ya tarar da abubuwa biyu suna jiransa: mata masu gwanintar fitar da mai daga ƙwaya, da jama'ar da take ganin ɗaci ta ce ga magani. Wannan ne ya sa ya yi saurin zama ɗan gari.

Daga Indiya zuwa lardin Sakkwato

Asalin dogon yaro yankin Indiya ne da Myanmar. Sunansa na kimiyya, Azadirachta indica, daga Farisanci aka samo shi, ma'anarsa 'yantaccen itacen Indiya. A can an fi shekara dubu biyu ana aiki da shi. Tsofaffin littattafan likitancin Indiya, irin su na Charaka da na Sushruta, sun ambace shi a cikin magungunan cututtukan fata, kuma matse mai daga ƙwallonsa tsohuwar sana'a ce a ƙauyukansu. A 1920 wani kamfani a birnin Kalkata ya fara sayar da sabulun Margo, wanda ake yi da wannan mai.

Afirka ta Yamma kuwa ta same shi ta hannun 'yan mulkin mallaka. Gwamna Gordon Guggisberg, wanda ya mulki ƙasar da ake kira Gana a yau daga 1919 zuwa 1927, shi ake danganta wa shigo da shi can. Daga Gana aka kawo iri lardin Barno a 1928, ya kama, sannan a shekarun 1930 aka kai dubban dashe lardunan Sakkwato da Katsina da Kano. Bukatar Turawa da En'e ba ta wuce uku ba: inuwa a titunan bariki, itacen girki ga birane masu girma, da azara don gini. Sun zaɓe shi ne domin yana tsira a jigawa inda ruwan sama bai kai milimita 600 a shekara ba, yana riƙe ganyensa da bazara lokacin da sauran itatuwa suka zama tsirara, kuma idan aka sare shi yana sake tofo. Saurin girmansa ne ya jawo masa sunan dogon yaro, sunan da ya bi fatake kudu har Yarbawa suka mayar da shi dongoyaro. A wasu wuraren ƙasar Hausa kuma ana ce masa darbejiya, ko bedi, ko maina.

Daga gandayen En'e ya bazu zuwa gundumomi, inda hakimai da dagatai suke sa a dasa a kasuwanni da gefen hanya. Sauran aikin jemagu da tsuntsaye suka ƙarasa, suna shan 'ya'yan suna yar da ƙwallon ko'ina. Gandayen Sakkwato sun yi suna har a wajen masana. A 1969 wani masanin ƙasa mai suna Radwanski ya buga binciken da ya yi a kansu, inda ya nuna cewa jan yashin da aka dasa wa dogon yaro ya rage tsami kuma ya ƙara taki idan aka kwatanta shi da saurar da ke kusa. A duk wannan zamani, ƙwallon da yake zubowa a gindin itacen shara ce da ake sharewa.

Fari ya ninka yawansa

Farin 1972 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1983 zuwa 1985, sun sauya matsayin dogon yaro daga itacen cikin gari zuwa katangar tare hamada. Misalin da ya fi shahara yana ƙetaren iyaka, arewa maso yamma da Sabon Birni, a kwarin Majiya da ke yankin Buza cikin jihar Tawa. A 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun dajin Nijar suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu a tsakiyar gonaki don karya ƙarfin iska. Tsawon shingayen ya haura kilomita 500, kuma awon da aka yi ya nuna amfanin gero ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin ɗari a gonakin da suka samu kariya. A ɓangaren Najeriya ma, shirye-shiryen dashen itatuwa na shekarun 1970 da 1980 a jihohin bakin hamada, har da Sakkwato, da dogon yaro suka fi dogara. Alhazan Gobir sun kuma tarar da shi a filin Arfa, inda aka dasa dubun-dubatarsa don inuwar mahajjata.

Sakamakon haka shi ne tarin ƙwallo da ba a taɓa tsarawa ba. Dogon yaro yana fara 'ya'ya a shekara uku zuwa biyar, yana kai ƙarfinsa a wajen shekara goma, kuma babban itace kan iya ba da kilo 30 zuwa 50 na 'ya'ya a shekara. A shekarun 1980 malaman gona da ƙungiyoyin raya karkara, musamman na Jamus, suka fara koya wa manoman Afirka ta Yamma yadda za su mayar da wannan shara abin amfani. Ana tsintar 'ya'yan da suka nuna suka yi ruwan ɗorawa, a wanke tsokar, a shanya a inuwa, a surfa a turmi a sheƙe ɓawon, a daka ƙwayar ta yi laushi, sannan a riƙa yayyafa ruwa ana murzawa har man ya tsatso. Macen da ta taɓa yin ƙuli-ƙuli ba ta bukatar a maimaita mata. Kilo ɗaya na ƙwaya yakan ba da mililita 100 zuwa 150 da hannu, ko da yake kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na nauyin ƙwayar mai ne, sai inji ke iya fitar da mafi yawansa. Amfanin farko da aka koyar ma na rumbu ne: mililita biyu zuwa uku a kowane kilo na wake yana hana ƙwari cinsa na watanni. Sabulu da man shafawa daga baya suka biyo.

Abin da ke cikin ƙwallon

Binciken zamani a kan sinadaran itacen ya fara ne a Indiya, inda Salimuzzaman Siddiqui ya ware sinadarin nimbin daga man a 1942. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da fara ta sauka ta cinye kowane kore, sai ya lura dogon yaro kaɗai ta bari. Farar takan sauka a kansa ta tashi ba ta ci ba. A 1968 masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da yake jawo haka, aka sa masa suna azadiraktin. Yana hana ƙwaro cin abinci, yana kuma rikita tsarin da ƙwaro yake bi ya yi saɓa ya girma, har ya mutu bai hayayyafa ba. Ginin wannan sinadari yana da sarƙaƙiya ƙwarai, sai a 2007 ayarin Steven Ley na Jami'ar Kambirij ya iya haɗa shi a ɗakin gwaji bayan shekara 22 ana fama.

Shi man kansa kashi biyu ne. Mafi yawansa maiƙo ne irin wanda ake samu a man gyaɗa da man kaɗe, mai laushin fata da riƙe danshi. Ɗan ƙaramin kaso kuma shi ne sinadaran ɗaci da masu warin tafarnuwa, kuma a cikinsu amfanin magani yake, a cikinsu haɗarin ma yake. Rana da zafi suna lalata azadiraktin da sauri, don haka man da aka soya ƙwayarsa da wuta, ko aka ajiye a farar kwalba a rana a bakin kasuwa, ya riga ya rasa yawancin ƙarfinsa ko da warin yana nan.

Fata da gashi

Inda man ya fi nuna ƙarfi shi ne inda ƙwaro yake. A Masar an gwada sabulun wanke kai mai ɗauke da sinadarin ƙwallon dogon yaro a kan yara 60 masu ƙwarƙwata, sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna yana kashe ta sosai. A kudancin Indiya an shafa wa mutum 814 masu ƙazuwa haɗin dogon yaro da kurkum, rahoton 1992 ya ce kashi 97 cikin ɗari sun warke cikin kwana 3 zuwa 15, ko da yake ba a kwatanta su da wani rukuni da aka ba magani daban ba. Wani gwajin na 1993 a Indiya ya nuna cewa kashi 2 cikin ɗari na man a cikin man kwakwa yana hana sauron zazzaɓi cizo na tsawon dare. A ɗakin gwaji kuma an ga yana hana wasu ƙwayoyin cuta da nau'o'in funfuna yaɗuwa, irin waɗanda suke jawo makero da ƙyasbi da amosanin kai.

Batun tsawon gashi daban ne. Gashin mutum yana tsirowa kimanin santimita ɗaya a wata, kuma gado da abinci da lafiyar jiki ne suke iko da wannan. Abin da mai yake yi shi ne ya rage bushewa da karyewa, ya kwantar da ƙaiƙayin da yake sa a yi ta sosa kai. Macen da gashinta ya daina zuba bayan ta fara shafa shi ta ga gaskiya, amma man kaɗe ko alayyadi za su iya yi mata rabin wannan aiki. Gashin da ɗaurin kitso mai tsanani ya cinye a goshi kuwa, sassauta kitson ne maganinsa.

Ƙa'idar shafawa ita ce a sirka. Ɗigo kaɗan a cikin cokalin man kaɗe, ko na kwakwa, ko na zaitun ya wadatar. Kafin a shafa a fuska ko a kai, a gwada a cikin hannu a jira kwana ɗaya, domin akwai masu fatar da ba ta jituwa da shi, takan yi ja ta yi ƙuraje. A nisanta shi da ido da buɗaɗɗen rauni.

Darasin da Indiya ta koya da tsada

Babban haɗarin man dogon yaro yana cikin shansa. A 1981 likitoci biyu a Maleshiya, Sinniah da Baskaran, suka buga rahoto a mujallar Lancet kan jarirai da ƙananan yara da iyayensu suka ɗura wa man a matsayin magani, bisa al'adar da ta zo daga kudancin Indiya. Cikin 'yan sa'o'i yaran suka kama amai, da barcin da ba na lafiya ba, da numfashi sama-sama, da jijjiga. Asibitocin Indiya sun ci gaba da ba da rahoton irin wannan, wasu yaran sun mutu, wasu sun tashi da lahani a ƙwaƙwalwa. Cokalin shayi ɗaya yana iya isa ya jefa jariri cikin wannan hali.

Wannan gargaɗi ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, inda al'adar ɗura wa jarirai ɗauri da jiƙe-jiƙe take da ƙarfi, kuma inda jijjigar yaro sau da yawa akan danganta ta da iska maimakon a tuhumi abin da aka ba shi. Kakar da ta san iyakar maɗaci da sabara, domin ta gada daga tata kakar, ba ta gaji irin wannan sani a kan man dogon yaro ba, tunda man bai kai shekara hamsin da yaɗuwa a hannun jama'a ba. Masu juna biyu da masu neman haihuwa su ma su guji shansa: masana a Indiya sun daɗe suna bincike a kan amfani da shi wajen hana ɗaukar ciki, saboda yana kashe maniyyi. Akwai kuma matsalar ƙwallon da aka tara da danshin damina ya yi funfuna, wanda yake iya ɗaukar gubar afalatoksin, irin wadda take ɓata gyaɗa, ta bi man ta shiga.

Wa ke cin moriyar

A 1994 Ofishin Rajistar Ƙirƙire-ƙirƙire na Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da Ma'aikatar Gona ta Amurka takardar mallakar wata hanyar kashe funfunar shuka da man dogon yaro. Vandana Shiva ta Indiya da abokan gwagwarmayarta a Turai suka ƙalubalanci takardar, da hujjar cewa manoman Indiya sun riga kamfanin sanin haka. An soke ta a watan Mayun 2000, aka kuma kori ɗaukaka ƙara a watan Maris na 2005. Abin da ya ba su nasara shi ne shaidar da aka iya gabatarwa ta yadda ake amfani da man tun kafin kamfanin ya nemi rajista. Ilimin da aka rubuta, aka auna, shi ne ya iya kare kansa a gaban shari'a.

A gabashin Sakkwato matsalar ta fi wannan kusa da rai. Tun daga 2019 hare-haren 'yan bindiga suka tagayyara Isa da Sabon Birni. A rana ɗaya cikin watan Mayun 2020 an kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni, dubban iyalai sun tsallaka jihar Maraɗi, wasu sun cunkushe a manyan garuruwa, kuma ƙananan asibitoci da dama sun rufe. Cunkoso da ƙarancin ruwan wanka su ne abincin ƙazuwa da ƙwarƙwata. A irin wannan hali, itacen da ke ƙofar gida yakan zama kantin maganin da ya rage. Ga uwar da 'ya'yanta suke kwana sosa, sabulun da aka yi da man dogon yaro taimako ne na gaske mai araha, kuma tsintar ƙwallo a cikin gari sana'a ce da mace za ta iya yi ba ta shiga daji ba. Idan kuma wannan uwa ta ji a talla cewa man yana maganin kowace cuta, har ta ɗura wa jaririnta a wurin da asibiti mafi kusa yake bayan hanyar da ba ta biyuwa, abin da ya zo da sauƙi zai koma musiba.

Nauyin cike wannan giɓi yana kan masu ilimi: malaman lafiya, da masu haɗa magunguna, da masu wa'azi, da 'yan kasuwar da suke cika kwalabe a Sakkwato da Kano suna aikawa ko'ina. Kwalbar man dogon yaro tana bukatar rubutu da Hausa, da boko da ajami, mai faɗin ranar da aka matse shi, da yawan da za a sirka, da gargaɗin cewa na shafawa ne, ba a sha, ba a ba yara.